3.4 Raunin Tauraro a Matsayin Tushen Farin Jinin Wasannin

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, masu suka sun fi kafa hujja da cewa dabarun ɗaukar waɗannan wasanni sun tsufa, domin mai kallo yana gane cewa dodon mutum ne a cikin rigar roba, gidajen da yake rushewa kuma ƙananan samfura ne. Wannan nazari bai musanta haka ba. Sai dai yana ganin cewa abin da ya riƙe masu kallo har yau yana cikin yadda aka gina tauraron, wato aka ba shi ƙarfi tare da rauni.

Misali, a wasan Ultraman, wanda kamfanin Tsuburaya Eiji ya shirya, aka fara nuna shi a tashar TBS a 1966, tauraron ƙato ne mai tsawon mita 40. Amma duk da girmansa, ba ya iya daɗewa a fagen fama fiye da kimanin minti uku. Da zarar fitilar ƙirjinsa ta koma ja tana ƙyaftawa, mai kallo ya san ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. A kashi na 39, wanda shi ne na ƙarshe, dodo Zetton ya kayar da shi, sai 'yan Adam ne suka hallaka dodon da makaminsu.

Haka kuma a Kamen Rider na Ishinomori Shotaro (1971), ƙungiyar Shocker ce ta sace Hongo Takeshi, ta mayar da jikinsa rabi mutum rabi inji, ya tsere kafin a juya masa tunani. Ke nan ƙarfin da yake yaƙar mugunta da shi, a hannun mugaye ya same shi, kuma ya raba shi da rayuwa irin ta sauran mutane.

Su ma dodannin ba duka aka nuna su a matsayin mugaye zalla ba. Jamila, a kashi na 23 na Ultraman, ɗan sama-jannati ne da ƙasarsa ta yi watsi da shi, ya rikiɗe, ya dawo ɗaukar fansa. An kashe shi, amma labarin bai bar mai kallo ya yi murna ba.

Duk da haka, akwai gazawa ta fuskar zubi da tsari. Yawancin kashe-kashen tafiyarsu ɗaya ce: dodo ya bayyana, makaman mutane su kasa, tauraro ya rikiɗa, a yi nasara. Wannan maimaici kan rage armashin wasu labaran. Amma kuma shi ne ya sa duk kashin da ya saɓa wa tsarin, kamar na Jamila da na Zetton, yake zama a zuciyar mai kallo. Sashe na gaba zai duba yadda wannan tsari ya sauya da fitowar taurari biyar a Gorenger a 1975.