Gwanintar Mai Turi

A kasuwannin ƙasar Zuru, daga cikin gari zuwa Ribah da Kanya, akwai mai sana'ar da ba a cika lissafa shi cikin gwanaye ba, alhali gwani ne na gaske. Shi ne mai turi, wanda ke cika wa mutane memori da waƙoƙi da karatu da finafinai. Jarinsa laftof ce, da abin karanta memori, da sifika mai kiran ciniki. Sau da yawa teburinsa na maƙwabtaka da na mai cajin waya, domin janareto ko sola ɗaya suke sha.

Wani zai ce ai zamani ya wuce shi. Wayar GSM ta shigo Najeriya tun 2001. Manhajar Boomplay ta fito a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, Spotify kuma ta iso ƙasar nan a 2021. Sai dai manhajojin nan data suke ci, kuma sai da sabis mai ƙarfi. Manomin da zai wuni a gonar dawa, inda sabis ke zuwa ya ɗauke, abin da yake so shi ne ya danna waya ko rediyonsa mai memori, murya ta tashi nan take.

Aikin ya wuce kwafa da liƙawa. Kafin komai, gwani sai ya karɓi wayar ya juya ta. Ƙaramar waya mai madannai ba kowane bidiyo take buɗewa ba, don haka zai rage shi, ya maida shi 3GP. Babbar waya kuwa ko memori ba sai an cire ba, da manhajar Xender zai tura. Lissafin wuri a kansa yake: waƙar MP3 ta minti 5 kan ci kusan mega 5, wato giga 1 zai ɗauki waƙa wajen 200. Amma Bakandamiyar Shata ko zaman tafsiri guda ba a auna su da wannan mudu, dole ya san abin da zai matse ba tare da murya ta dusashe ba.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen jabun memori. Akwai wanda aka rubuta masa giga 32, kwamfuta ma ta nuna hakan, amma cikinsa bai kai ba. Ana wuce iyakarsa sai waƙoƙi su ƙi buɗewa. Mai turi na ƙwarai yakan cika shi, ya gwada na farko da na ƙarshe, ya faɗa wa mai shi gaskiya tun bai bar kasuwa ba. Haka idan bairos ya ɓoye foldoji, mace ta zo hankali a tashe wai hotunan bikin ɗiyarta sun tafi, ba ya gaggawar goge memorin. Yakan fito da abin da aka ɓoye, ya adana shi, sannan ya wanke memorin ya maida mata kayanta.

Sauran gwanintar sanin mutane ce. Dattijo zai ce, "Yaro, sa mini na da," bai ƙara ko kalma ba. Daga hularsa da karin harshensa mai turi zai gane Ɗanƙwairo da Narambaɗa yake nufi, ko Ɗan Maraya Jos. Ɗan acaɓa na son Hamisu Breaker da Ado Gwanja. Wani tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya kawo shi, wata kuma waƙoƙin Zumuntar Mata, domin ƙasar Zuru ta Musulmi ce da Kirista, gida guda ma sai ka sami duka biyun. Akwai mai zuwa ba ya riƙe da sunan waƙa ko na mawaƙi, sai ya ɗan rera amshi, kafin ya rufe baki an nemo masa. Kuma gwani ba ya cakuɗa ƙira'a da kiɗan biki a folda ɗaya, don kada waya ta kunyata mai ita a gaban surukai.

A kwamfutarsa ake samun abin da manyan manhajoji ba su damu da shi ba: waƙoƙin harshen C'lela, da kiɗan bikin Uhola da wani ya ɗauka da waya, da tsofaffin kaset da aka juye kafin zarensu ya tsinke.

Akwai ƙorafi, kuma yana da tushe. Mawaƙa da masu shirya fim na Kano sun daɗe suna kukan cewa ana cin guminsu ba a biya, haƙƙin mai fasaha kuwa haƙƙi ne. Duk da haka, ƙaramin mawaƙi da ya gama sabuwar waƙa yakan kai ta teburin mai turi da ƙafarsa, ya roƙi a riƙa sa wa kowa, domin ta nan ake jin sa a kira shi wasan biki.