Gayya a Kan Kwalta: Dabara da Zumunci a Atisayen 'Yan Tseren Keke

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya hau keke a Kaura Namoda ya nufi Zurmi, iskar hunturu ce za ta tare shi a ƙirji, domin hanyar ta miƙe ne arewa maso gabas, daidai inda iskar ke fitowa. Manomin Sakajiki da ya ɗaure buhun gero a kariya ya san haka ba sai an karanta masa ba. Ya kuma san cewa idan wani mai keken ya wuce shi, ya yi maza ya laɓe a bayansa, nan take feda za ta yi sauƙi. A kan wannan ɗan sani aka gina wasan tseren keke na titi gaba ɗayansa, tun daga atisayen asuba na matasa goma har zuwa Tour de France, wadda aka fara a 1903.

Masana sun auna abin. Mai keken da ke gudun kilomita 40 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya manne a bayansa kuwa yana samun rangwamen da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2018 Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan ya yi gwaji da siffar mahaya 121 a dunƙule, ya gano cewa wanda ke can tsakiyar taron ta wajen baya, iskar da ke dukansa ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wadda ke dukan mai tafiya shi kaɗai ba. Shi ya sa ƙarfi kawai ba ya cin tseren keke. Gwarzon da ya tsaya a gaba tun safe, raggo ne zai wuce shi a mita ɗari na ƙarshe.

Atisayen rukuni shi ne makarantar da ake koyon wannan lissafi. A ce mutum takwas ne. Za su jeru a layi ɗaya, tazarar da ke tsakanin tayar gaba ta wannan da tayar baya ta wancan ba ta fi kamu biyu ba. Na gaba ya sunkuyar da kai, ya ja na rabin minti ko minti guda. Da ya ji cinya ta fara zafi sai ya kaɗa gwiwar hannu, alamar na baya ya karɓa, ya ɗan kauce gefe, ya sassauta feda, mutum bakwai su wuce shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙe a kan feda ya taka sau uku ko huɗu da ƙarfi don ya kama wutsiyar layi. Wannan kamawar ita ce wurin da baƙo ke faɗuwa. Idan ya ja fiye da ƙarfinsa don a ce ya iya, lokacin da na ƙarshe zai wuce shi ba shi da sauran numfashi. Tazarar mita biyu ta zama goma, iska ta same shi shi kaɗai, sai dai ya hango bayan 'yan'uwa suna ƙanƙancewa.

Akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba, amma jini ake zubarwa idan an karya su. Ba a danna birki kwatsam a cikin layi. Ba a barin tayar gaba ta shiga gefen tayar na gaba, don da zarar ya ɗan karkata za a yi ƙasa, na baya su hau kai. Na gaba shi ne idon kowa: ya ga rami ya nuna da yatsa, ya ga yashi ko akuya ko ɗan acaɓa ya ɗaga murya, saƙon ya bi layi har baya. Wanda ya karɓi gaba kuma ba ya ƙara gudu farat ɗaya, ko da yana jin ƙarfi. Idan ƙarfin ya yi masa yawa, ya daɗe a gaba, abin da ake so ke nan.

Bahaushen da ya taɓa zuwa gayya zai gane tsarin nan da nan. Aikin na kowa ne, gonar ba ta ƙarewa sai an haɗa hannu, amma kowane saurayi yana satar kallon kuyyar na kusa da shi, yana son ya riga shi kai ƙarshe, makaɗi na zuga shi. Taimakon juna da gasa suna tafiya a lokaci ɗaya, ɗaya ba ya kashe ɗaya. Haka atisayen keke yake. Kilomita sittin ana raba iska da adalci, amma kowa ya san akwai inda aka yi alkawarin za a saki linzami: allon shiga gari, ko wata gada, ko kan wani tudu. Kilomita biyu kafin wurin, hira ta ɗauke. Mai ƙarfin dogon zango ya san idan aka kai mita ɗari biyu na ƙarshe tare ba zai kai labari ba, don haka yakan fizga tun da nisa. Mai saurin ƙarshe shi kuma yana laɓe, yana addu'ar wani ya bi wancan ya kamo shi.

A nan ne rigimar da ta fi kowace daɗewa a wasan take. Akwai mahayin da duk lokacin da layi ya kawo shi gaba sai ya ja na daƙiƙa biyar ya kauce, ko ya buɗe baki yana haki alhali lafiyarsa ƙalau, sannan a ƙarshe ya fito da sabon ƙarfi ya wuce kowa. A ranar gasa wannan dabara ce, babu alƙalin da zai hukunta shi. A ranar atisaye kuwa cin amana ne, kuma wauta ce, domin wanda bai sha iska ba bai ƙaru da komai ba. Rukuni mai hankali yana bambance mai wayo da mai rauni. Wanda ya gaji da gaske yakan faɗa, a ce masa ya zauna a baya ya huta, shi kuma ya san ba zai shiga tseren allon gari ba. Mai wayo kuwa mako biyu ya isa a gane shi.

Idan aka juya akalar zuwa Shinkafi, darasin ya canza. Hanyar ta nufi arewa, iskar hunturu za ta riƙa bugowa daga dama ta ɗan gaba. Laɓewa a bayan mutum kai tsaye ba ta da amfani a nan. Sai na gaba ya tsaya a bakin titi ta dama, na biyu ya koma bayansa ta hagu, na uku haka, layin ya karkace zuwa tsakiyar kwalta. Faɗin titi ne ke yanke yawan masu samun mafaka, saura kuwa su sha iska. A titin da motoci ke bi, hankali shi ne a rabu uku-uku ko huɗu-huɗu, kada wani ya tsinci kansa a gaban motar itace. A gasar da aka rufe hanya kuwa, wannan iska makami ce. A Vuelta ta ƙasar Sifaniya a 2019, ranar da aka nufi Guadalajara, wata ƙungiyar Beljiyam ta yi amfani da ita ta tsinka taron tun farkon tafiya. An yi kusan kilomita 220 a gudun da ya haura kilomita 50 a awa, ɗan ƙungiyar, Philippe Gilbert, ya lashe ranar.

Misalin da ya fi dacewa matashin Afirka ya nazarta shi ne na Biniam Girmay ɗan Iritiriya a tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam, ranar 27 ga Maris 2022. Su huɗu suka ɓalle daga taro saura fiye da kilomita 20: shi da Christophe Laporte da Jasper Stuyven da Dries Van Gestel, kowa da ƙungiyarsa, kowa na son kofin. Duk da haka suka riƙa karɓa-karɓa kamar 'yan gida ɗaya, domin da ɗayansu ya noƙe da taron ya haɗiye su duka. Sai a kilomita na ƙarshe aka fara kallon-kallo. Girmay, mai shekara 21, ya zauna a can baya inda yake ganin kowa, ba mai ganinsa sai ya waiwaya. Saura kimanin mita 250 ya fizga, kafin su farga ya ba su tazarar da ba su iya rufewa ba. Ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci irin wannan babban tsere na yini guda, kuma a 2024 ya ci zango uku a Tour de France tare da koriyar rigar da ake bai wa wanda ya fi tara maki.

Zumuncin ma yana da nasa shaidu. A Tour ta 2022, Tadej Pogačar ya zame ya faɗi a gangaren dutsen Spandelles yana tsaka da neman ƙwace rigar jagora daga Jonas Vingegaard. Vingegaard ya sassauta ya jira shi, suka yi musabaha a kan keke. A tudu na gaba, Hautacam, Vingegaard ya tafi ya bar shi ba tausayi. Ma'anar a fili take: ana kayar da abokin hamayya da ƙafa, ba a cin ribar tsautsayinsa. A atisaye abin ya fi haka nauyi. Tayar mutum ɗaya ta yi faci, kowa ya tsaya. Wannan ya miƙo famfo, wancan ya ciro tsohon tiyub ya shafa cikin taya da yatsa yana neman ƙayar. Kaca ta tsinke, a tura mai ita da hannu a gadon baya har wurin mai gyara. Bayan an yi tseren allon gari, a jira na ƙarshe a inuwa, a raba ruwa da dabino.

Ba kowane rukuni ne ke riƙe wannan ba, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Inda girman kai ya shiga, atisaye yakan koma gasa tun daga ƙofar gari, a yar da sabon shiga a daji, gobe ba zai dawo ba. Tsadar kaya ma tana raba mutane, don keken tsere na ƙwararru ya fi ƙarfin aljihun yawancin matasa. Rukunin da ya mai da tsadar keke ma'aunin daraja ya kashe kansa, domin yaron da zai fi kowa gudu nan da shekara uku watakila yau a kan keken gwanjo yake.

Ƙasashen Afirka da suka yi nisa a wasan ba duka ne masu kuɗi ba. Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987, a ƙasa mai zafi da ƙura irin ta arewacin Najeriya. Ruwanda ta kai ga karɓar gasar duniya ta tseren titi a Kigali a Satumban 2025, karo na farko a nahiyar. Abin da suka haɗa shi ne al'adar fita tare da yawan ƙananan gasanni. A Najeriya kuwa sai a 2024 aka samu mai tseren keke ta farko a gasar Olamfik, Ese Ukpeseraye, kuma keken da ta shiga tseren cikin fili da shi a Paris aro ne daga tawagar Jamus.

Arewacin Zamfara bai rasa kayan aikin ba. Keke tsohon ɗan gida ne: a shekarun cinikin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929, sabon Rale yana cikin abin da manomi ke burin saya bayan kaka. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ga masu gyara a kowace kasuwa, ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ga iskar da ke koyar da dabara kyauta, ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura. Abin da ya gagara shi ne hanya. Titunan Zurmi da Shinkafi suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka addaba, har a Satumban 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a jihar. Babu uban da zai bar ɗansa ya nausa can da asuba a kan keke, kuma yana da gaskiya.

Sai dai karɓa-karɓa ba ta buƙatar kilomita ɗari. Zagayen kilomita uku a cikin gari, da sassafe kafin ababen hawa su yi yawa, ya isa mutum shida su koyi jeri da nuna rami da jiran juna, ko da a kan keken kasuwa ne, muddin birki na ci kuma akwai hular kwano. Hukumar wasanni ta jiha da ƙananan hukumomin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su ware irin wannan zagaye rana ɗaya a mako, su nemi jami'an kiyaye haɗura su tsare shi, su sa ƙaramar gasa a bikin Sallah ko a Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na gasar ƙwallon ƙafa guda ɗaya ba.