Gawa Mai Tafiya, Injin Tururi da Soyayya a Adabin Matasa

A Amurka akwai reshen adabin matasa da ke haɗa abu uku a labari ɗaya: zombi, wato gawar da ta tashi tana farautar masu rai; duniyar da gawayi da injin tururi ke tafiyar da komai, irin Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya; sai kuma soyayya. A Dearly, Departed na Lia Habel, wanda ya fito a 2011, budurwa Nora ta kamu da son Bram, sojan da ya mutu amma hankalinsa bai gushe ba.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan gauraye. Tun 1934 Bello Kagara ya ɗauki Ganɗoki daga fagen yaƙi da Turawa ya kai shi duniyar aljanu. A 1969 Umaru Dembo ya haura da yaro Kilba sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Soyayya kuwa ta cika kasuwa tun zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, su Nazir Adam Salih da Abdulaziz Sani Madakin Gini kuma suka riƙe ɓangaren matsafa da ban tsoro.

Gawar ce ba za ta zauna mana ba. Wanda ya ga an wanke mahaifinsa, an sa shi a likkafani, an sallace shi an rufe kafin la'asar, ba zai yarda a tayar masa da mamaci ya yi zance da budurwa ba, kuma yana da gaskiya. Amma muna da maita. Maye ya kama kurwa, mutum yana tafe yana ramewa, ido ya faɗa, yana sambatu da sunan wani, har a jawo wanda ake zargi a sa shi ya tsallake shi. Asalin zombi ma a Haiti haka yake: boka ya ƙwace ran mutum ya mayar da gangar jikin bawan gona. Saurayin da aka kama wa kurwa, budurwarsa na fafutukar ƙwato ta, ya fi kowace ruɓaɓɓiyar gawa taɓa zuciyarmu.

Inji ne ya yi ƙaranci a littattafanmu, kuma abin yana damuna, domin kayan aikin na nan a Ƙaura Namoda. A 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a nan. Jakuna da raƙuma na shigowa da gyaɗa da auduga da fatu ta hanyoyin Shinkafi da Zurmi, ga kan jirgi yana huci, mai zuba gawayi ya yi baƙi ƙirin, ana ɗura wa tukunya ruwa. Marubucin Amurka sai ya ƙago irin wannan duniya. Mu kakanninmu sun yi dako a cikinta, sun biya haraji da kuɗin gyaɗar.

Matasan Zurmi da Shinkafi sun san fargabar dare fiye da duk wanda ya rubuta labarin zombi. Ba kowa ke iya rubuta 'yan bindiga da sunansu ya kwana lafiya ba. Labarin da aka kai tashar Ƙaura ta 1930, da mayu a dajin da jirgi zai ratsa da masoya biyu a tarago, zai ba ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha ta garin damar faɗin abin da ya hana ta zuwa ƙauyensu hutu.