Muryar aro da karin gida: ɗan nazari bisa waƙoƙin PJ Harvey

Abin da ya kai mu ga Polly Jean Harvey, wadda aka fi sani da PJ Harvey, littafi ne mai suna Orlam da ta fitar cikin 2022. Doguwar rubutacciyar waƙa ce, an buga ta shafi na kallon shafi: ɗaya da karin harshen Dorset, ɗaya da daidaitaccen ingilishi. Masu karanta waɗannan takardu sun saba da irin wannan tsari, sai dai mu harsuna biyu muke jerawa, ita kuwa harshe guda ta fassara zuwa ga kansa. Abin da za mu duba shi ne ko karin da ta koma gare shi bayan shekara talatin tana waƙa muryarta ce ta asali, ko kuwa wata riga ce cikin rigunan da ta saba canzawa.

An haife ta cikin 1969 a Bridport, cikin yankin Dorset, kudu maso yammacin Ingila, kuma ta tashi a ƙauyen Corscombe. Fayafayanta na farko, Dry (1992) da Rid of Me (1993), kiɗan rok ne tsirara na mutum uku, inda murya ke tashi daga raɗa zuwa kururuwa ba tare da gargaɗi ba. Tushen wannan murya yana cikin fayafayan iyayenta, wato kiɗan bulus na baƙar fatar Amurka da waƙoƙin Captain Beefheart. Tun 1983 Peter Trudgill ya nuna cewa mawaƙan Ingila kan ari furucin Amurkawa idan za su rera, musamman furta r bayan wasali, wadda mutanen Landan ke haɗiyewa. To, a nan al'amarin Harvey yana da ban sha'awa ga mai nazarin harshe, domin mutanen Dorset su ma suna furta wannan r ɗin. Idan ta fito daga bakinta, ba a iya rantsewa a ce ta Misisipi ce ko ta ƙauyensu.

Cikin To Bring You My Love (1995) ta saukar da muryar ƙasa sosai, har ta kusa ta namiji. A nan ne take da waƙar wata uwa da ta nutsar da ɗiyarta cikin ruwa, kuma ta sha kokawa cewa wasu sun ɗauki irin waɗannan waƙoƙi tamkar labarin rayuwarta. Kuskure ne da ke da muhimmanci ga zancenmu: “ni” ta cikin waƙar Harvey ba ta taɓa zama shaidar “ni” ta mawaƙiyar ba. Cikin 2007, da White Chalk, ta ajiye gita ta zauna gaban fiyano, wanda ba ta ƙware da shi ba, ta ɗaga murya sama ta zama siririya kamar ta yarinya. Sunan faifan yana nuni ga fararen tuddan alli na Dorset. Ƙasar ta shigo, amma harshenta bai shigo ba tukuna.

A ganinmu Let England Shake (2011) shi ne ƙololuwar aikinta. Ta karanta shaidun sojoji da na farar hula, daga yaƙin Galifoli na 1915 har zuwa Iraƙi da Afganistan, sannan ta rera kisa da gawarwaki da waccan siririyar murya bisa kiɗa mai sauƙi, kusan na raye-raye. Rashin jituwar launin murya da nauyin magana shi ke tayar da tsikar jiki. Faifan ya ba ta kyautar Mercury karo na biyu, bayan wadda ta samu cikin 2001. Dabarar ba ta yi nasara haka ba cikin The Hope Six Demolition Project (2016). Ta bi Kosobo da Afganistan da unguwannin talakawa na Washinton tana rubuta abin da ido ya gani, kuma wasu shugabannin unguwar da ta waƙe a Washinton sun nuna ɓacin ransu. Muna ganin suna da hujja. Matattun 1915 ba su da bakin musu, amma masu rai suna jin yadda baƙo ya kwatanta gidansu.

Sai Orlam. Labarin wata yarinya ce ƴar shekara 9, Ira-Abel, cikin wani ƙagaggen ƙauye, ana bin ta wata bayan wata har shekara ta zagayo. Orlam kuwa idon ɗan rago ne da ke kallon ta. Siffofin karin a bayyane suke: s ta farkon kalma kan koma z, f kan koma v, kusan yadda “fari” ke zama “hwari” a bakin mutanen Adar. Amma kalmomin fa? Harvey ba ta ɓoye ba cewa ta dogara da ƙamus ɗin William Barnes (1801-1886), limamin coci kuma mawaƙi, wanda ya tattara karin Dorset cikin ƙarni na 19. Wasu kalmomin ta ji su ga tsofaffi tana ƙarama, saura daga takarda ta tono su. Saboda haka harshen littafin ya fi kauri bisa abin da ake ji yau a kasuwannin yankin, kuma mai nazarin karin harshe da zai ɗauke shi hujja zai ɓata. Murya ce ta aro, kamar ta 1995 da ta 2007, sai dai wannan karo daga kakanni aka aro ta.

Wannan bai rage darajar aikin ba, amma ya sa muna fifita faifan I Inside the Old Year Dying (2023), inda ta rera wasu sassan littafin. Cikin littafi, shafin ingilishi yana tsaye kusa kamar tafinta, ido na gudu zuwa gare shi da zarar kalma ta yi wuya, har karin ya koma ado. Cikin faifai babu tafinta. Mai saurare, ko da Bature ne ɗan Landan, dole ya haƙura da amon kalma kafin ya sami ma'anarta, ko ma ya rasa ta.

Ɗalibanmu da ke rubuta waƙa da adaranci ko damagaranci kan tambaye mu ko su jera ta da daidaitacciyar hausa kamar haka. Halin ba ɗaya ba ne. Harvey ta fassara ne don karin da ta ɗauko ya kusa rasa masu shi, har a Dorset ɗin. Ba'adare kuwa ba ya bukatar ƙamus don ya ce “munka tahi”, kuma Bakano yana gane shi.