Gado, giya da halaka kai: abin da labarin ƙwayar TPH ya koya mana

Tambayar da ta sa muka rubuta wannan ƴar maƙala ita ce: shin akwai wata ƙwayar gado da ke tura mashayin giya ga halaka kansa? Mun zaɓi mu duba aiki guda ɗaya, saboda tasirin da ya yi.

A shekara ta 1976, Marie Asberg ta ƙasar Suwidin ta nuna cewa masu yunƙurin halaka kai sukan kasance da ƙarancin alamar sinadarin sirotonin a ruwan laka. Bisa wannan tushe ne David Nielsen da abokan aikinsa, a 1994, suka binciki mashaya ƴan Finlanda da aka ɗaure kan laifin ta'adi, suka ce wani nau'in ƙwayar TPH, wadda ke da hannu a haɗa sirotonin, yana da alaƙa da yunƙurin halaka kai.

Sukarmu uku ce. Na farko, mutanen da aka bincika ba su kai ɗari ba, kuma fursunoni ne. Ba sa wakiltar mashaya gaba ɗaya. Na biyu, a 2003 Diego Walther da abokansa suka gano cewa ƙwayar iri biyu ce: TPH2 ce ke aiki a ƙwaƙwalwa, wadda aka bincika kuwa, TPH1, yawancin aikinta a hanji yake. Na uku, babban binciken Niamh Mullins na 2022, mai ɗauke da masu yunƙuri kusan 30.000, bai gano komai a kan TPH ba. Abin da ya nuna shi ne ƙwayoyi masu yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasiri.

Ba mu musanta gado ba, domin binciken tagwaye ya tabbatar da shi. Abin da muke ƙi shi ne a mai da shi ƙaddara. Galibin waɗanda aka bincika Turawa ne, saboda haka ɗauko sakamakon a ɗora wa majinyacin Maraɗi ko Damagaram ganganci ne. Likita ba shi da gwajin jini da zai nuna masa wanda ke cikin haɗari. Abin da ke hannunsa shi ne tambaya: baƙin ciki, rabuwar aure, bashi, yunƙurin da ya gabata, da tarihin dangi. A inda ake ɓoye sha, ake ɓoye halaka kai don kunya, iya yin wannan tambaya ne ya kamata mu koya wa ɗalibanmu.