Tsakanin Zauren Alƙali da Littafin Fiƙihu: Tsokaci a kan Littafin Lawrence Rosen

A shekarar 1989 Lawrence Rosen na Jami'ar Princeton da ke Amurka ya fitar da littafinsa The Anthropology of Justice, wanda har yau ake komawa gare shi a fannin nazarin shari'a cikin rayuwar al'umma. Ya gina shi a kan zaman da ya yi a kotun alƙalin garin Safru, kusa da Fas a ƙasar Maroko, yana sauraren ƙararrakin aure da saki da ciyarwa.

Littafin ya yi abin a yaba. Tun da daɗewa masanin Jamus Max Weber ya mai da alƙalin Musulunci misalin mai hukunci da abin da ya ga dama, ba tare da tsayayyar ƙa'ida ba. Rosen ya nuna cewa hukuncin alƙali yana da tsari: yana auna mutum da asalinsa da mu'amalarsa, yana fifita shaidar baki, kuma burinsa ya mayar da masu husuma matsayin da za su iya daidaitawa da kansu.

Sai dai a nan ne rauninsa ya bayyana. Ya jingina wannan tsari ga al'adar mutanen Maroko fiye da fiƙihu, alhali da yawa daga abin da ya kira al'ada yana da suna da babi a mazhabar Malikiyya. Auna halin shaida shi ne adalci da tazkiyya. Karɓar shaidar mutum goma sha biyu na gama-gari a madadin adilai biyu, wato shaidar lafifi, malaman Fas sun tattauna ta a littattafan amal. Shi kansa urfi hujja ce mai sharuɗɗa. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bayyana kuskuren mai daskarewa a kan fatawar da aka gina bisa al'adar da ta riga ta sauya. Ƙari a kan haka, kotun da Rosen ya zauna tana aiki ne da Mudawwana, kundin dokar iyali da gwamnati ta rubuta a 1957 zuwa 1958, don haka ba ta isa madubin dukkan alƙalancin Musulunci ba.

David Powers ya bi wata hanyar a littafinsa na 2002. Ya zaƙulo shari'o'i daga Al-Mi'iyar na Wansharisi, ya nuna yadda alƙalai da masu fatawa na Magrib suke kafa hujja da nassi da maganganun magabatan mazhaba.

Duk da haka, bai kamata ɗalibin shari'a ya ajiye Rosen yana jin an rama masa ba. Kotunan alƙalai a arewacin Nijeriya suna kan mazhabar nan, suna komawa ga Mukhtasar da Tuhfatul Hukkam. Haddace babin hukunci bai wadatar ba wajen sanin yadda mace mai neman khul'i take gabatar da ƙararta, da wanda yake raka ta, da abin da yake sa ta janye. Wannan ilimi sai da zama a zaure ake samun sa, kuma malamin da ya san littafin ya fi kowa cancantar zaman. Idan ya bar shi, wanda bai san littafin ba ne zai ci gaba da bayyana wa duniya yadda alƙali yake hukunci. Allah ne Mafi sani.