Masu Buɗe wa Mota Numfashi a Paraku da Jugu

Motar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a ƙasar Benin, ta nufi arewa, ko Malanbil za ta, ko za ta karkata gabas ta Nikki, da wuya ba ta ratsa Paraku ba. A nan layin dogon da ya taso daga bakin teku ya tsaya tun 1936, shekara da shekaru a nan aka riƙa sauke kayan Nijar daga jirgin ƙasa ana ɗora wa manyan motoci. Jugu kuwa, mai nisan kilomita wajen 135 daga Paraku, ta riga ta sanin harkar hanya, don tun zamanin fatake nan ayarin Hausawa ke ya da zango in za su Gwanja sayen goro. Garin da hanya ke ciyar da shi ba ya rasa masu gyaran abin hawa. A cikinsu akwai wanda ba a cika ba shi girmansa ba, wato mai salansa. Ana ganinsa kwance a kan kwali ƙarƙashin mota, sai a ɗauka liƙe ɓula ce iyakar saninsa. Gwani a cikinsu ya wuce nan nesa.

Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo wata tukunya ce ta ƙarfe da ke tsakanin inji da salansa, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi. In an yanka ta, za a ga dunƙulen yumɓu mai dubban ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, kimanin 400 a kowane inci murabba'i, wasu ma sun fi haka. An shafe bangon ramukan da ɗan ƙurar ma'adinai masu tsada guda uku, falatinam da faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ciki, ma'adinan nan su ke sa gubarsa ta sauya. Iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce mai kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki, tana komawa iskar da ba ta kisa nan take. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa, gubar naitirojin mai shaƙe ƙirji ta warware. Ma'adinan ba sa ƙarewa a wannan aiki, amma ba sa fara shi sai tukunyar ta ɗauki zafi wajen digiri 250 zuwa 300.

Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugène Houdry, shi ya fara yi wa dabarar rajista a shekarun 1950. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ce ta sa tukunyar ta shiga yawancin motocin ƙasar daga ƙirar 1975, Turai ta biyo baya a farkon shekarun 1990. Saboda haka kusan duk motar fetur 'yar Kwatano, Corolla ce ko Camry ko Marsandi, da tukunyarta aka ƙera ta. Ko ta iso da ita, wannan wata magana ce. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, kuma binciken da aka yi a Holan ya tarar da wasu an yanke musu tukunya tun kafin su hau jirgi. Dalilin a fili yake. A farkon 2021 farashin oza ɗaya ta rodiyam ya doshi dala 30,000. Mafi yawansa kuma daga ƙasar Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Ma'adinin nahiyarmu ya tafi ya tace iskar wasu, motar ta dawo mana babu shi.

Yanzu ga mai mota ya shigo gareji yana ƙorafi: an taka totur ba ta ja, ta kasa hawan tudu, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hanya mai sauƙi kowa ya san ta. A kwance tukunyar, a zura rodi, a farfasa yumɓun, a zazzage, a mayar da fanko. Motar za ta ja a ranar, wani ma har ya sayi garin yumɓun. Amma an bar ta tana feso guba a fuskar mai zemijan, wato ɗan acaɓa, da ke bayanta da mai tallar doya a bakin kasuwar Arzeke ta Paraku, ƙararta ta koma ta gwangwani, fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa. Ni dai ba na kiran wannan gyara.

Gwani ba ya taɓa zarto sai ya san abin da ya kashe tukunyar, domin da wuya ta mutu da kanta. Zai bar inji ya huce, ya ɗan bubbuge ta da gudumar roba yana kasa kunne. In ya ji kwaram-kwaram a ciki, yumɓun ya fashe, wataƙila tudun rage gudu ya daka shi, ko an shiga ruwa da ita tana da zafi. In shiru, sai ya kwance sensar da ke gabanta, ya bar ƙofar a buɗe, ya tayar da mota. Idan inji ya sake jiki ya ja, to lallai toshewa ce, hayaƙi ya samu wata mafita. Daga nan sai ya ciro filogi ya duba bakinsu. Filogin da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen fetur cikin tukunya, ya kama a can, zafi ya narkar da ramukan su liƙe. Injin da ringinsa ya ci yana shan baƙin mai, tokarsa ta rufe ma'adinan. Gasket ɗin da ya ƙone yana zubo ruwan lagireto, shi ma haka. Sai ka ji ya ce, “Alhaji, ciwon ba a nan yake ba. In na sa maka sabuwa yau, kafin damina ka dawo.” Ya tura shi wajen mai inji tukuna, ko da kuɗin aikin ya kuɓuce masa a ranar. Wannan haƙuri shi na fi yaba masa.

Idan inji ya samu lafiya, sai a zo kan zaɓi, kuma nan ne dabarar masu motocin tsere ta Turai da Japan ke da amfani ga mai BMW ko Marsandi a Paraku. Akwai tukunya mai yalwar hanya, wadda ramukanta 200 ne ko 300 a inci maimakon 400, kowanne ya fi faɗi. Masu kyau a cikinsu ba yumɓu ba ne, siririn faifan ƙarfe ne da bai kai kaurin takarda ba, aka yi masa ƙunda aka naɗe. Bangon da ya fi siriri yana barin hayaƙi ya wuce ba tare da ya danno inji baya ba, ƙarfe kuma ya fi yumɓu jure jijjiga da ramukan hanyar burji. Gwani dai ba ya yi wa mai mota romon baka. A motar da ba a taɓa injinta ba, ƙarin ƙarfin kaɗan ne, sai a babban gudu ake jin sa. Inji mai turbo ya fi cin moriyarta. Kuma da yake ramukan sun ragu, wurin tacewa ya ragu, don haka mai arha marar isassun ma'adinai sunan tukunya kawai take da shi. Ya kan ɗaga ta ya leƙa ta cikin hasken rana, ya gwada nauyinta a hannu, ya duba lambar da aka buga a jikinta kafin ya yarda.

Faɗin bututu shi ne inda matasa suka fi ruɗuwa. Suna so a sa musu ƙato, wai mota ta yi numfashi. Amma hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowane bugu in yana da gudu yakan jawo na bayansa. Bututun da faɗinsa ya yi yawa yana kashe wannan gudu, motar ta yi ƙara amma ta yi sanyin tashi a cikin gari. Gwani yana auna bututu da girman inji, in zai ƙara ma ɗan kaɗan yake ƙarawa. In ya zo kwana, ba ya yarda bututun ya lotse ya tsuke. Wanda ba shi da injin lanƙwasa yakan yanka gajerun guntaye a karkace, ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya har kwanar ta fito da faɗinta cif.

Sai walda. Yawancin masu salansa da wutar kabaid suka tashi, kuma hannun da ya saba liƙe siririn ƙarfe mai tsatsa ba tare da ya huda shi ba hannu ne mai daraja. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa waldar iskar agon ya fi so. Ko da wacce za a yi, ana fara ɗisa wuta a wurare kaɗan tukunyar tana rataye a mazauninta, a tabbatar ba ta taɓa jikin mota, ba ta yi ƙasa yadda dutse zai same ta ba, sannan a sauke a zagaye. Kibiyar da ke jikinta ta kalli baya. A ajiye ta kusa da inji yadda aka ƙera, don in ta yi nisa ba za ta yi zafin aiki da wuri ba. A mayar da faifan kare zafi, domin tukunyar da ke ɗaukar digiri 600 tana iya kunna busasshiyar ciyawa lokacin hunturu. Ɓula ko ta kan allura ce a gaban sensa tana jawo iska, kwamfutar mota ta ɗauka fetur ya yi kaɗan, ta yi ta ƙarawa. Shi ya sa in ya gama yakan tayar da inji, ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, yana bin kowace gaɓa da bayan hannu yana neman huci.

Saura mai. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma a farkon 2006, da ba haka ba duk wannan aiki banza ne, don dalma tana kashe ma'adinan. Farar wuta da ke cikin mai ita ma tana rage musu kaifi, shi ya sa ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da sabuwar ƙa'idar mai da motoci a 2020. A Benin kuwa fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo yana ko'ina a bakin titi, kuma wanda ya kwana a jarka yana iya zuwa da ruwa ko datti. Gwani yana gaya wa mai mota wannan ƙarara, ya ce masa ya lura da inda yake shan mai, ya sauya filogi a kan kari.

Ba ya sallamar mota daga kan rami. Sai an hau titin Jugu da ita ta yi zafi sosai, an dawo an jona na'urar bincike. Yana kallon sensa biyu: ta gaba tana hawa da sauka ba hutawa, ta baya kuwa ya kamata ta natsu. In ta baya ta fara kwaikwayon ta gaba, ko lambar P0420 ta fito, tukunyar ba ta tacewa yadda ya kamata, sai ya sake shiga ƙarƙashi. In ta natsu, ya ce a dawo da motar bayan mako guda a sake ɗaure notuna, don ƙarfen da ya sha zafi ya huce sau da yawa yakan saki.